Yadda ake lissafin tazarar amincewa ta kaso, daga motar albasa a Mile 12 zuwa takardar jarrabawa

A ce tirelar albasa ta taso daga Aliero a jihar Kebbi, ta kwana biyu a hanya, ta iso kasuwar Mile 12 da buhu 320. Mai saye yana so ya san kashi nawa na kayan ne ya ruɓe kafin ya sa kuɗi. Ba zai zazzage buhunan duka ba, don 'yan dako na jira, direba na jira, rana kuma tana ƙara dafa kayan. Sai ya ɗebi kaɗan ya duba. Idan ya duba albasa 200 ya sami 36 ruɓaɓɓu, ya sami kashi 18 cikin 100. Amma da hannunsa ya faɗa kan wasu 200 dabam, da wataƙila 30 zai samu, ko 43. To ina gaskiyar motar take?

Wannan ita ce tambayar da tazarar amincewa take amsawa, kuma ita ce ɗalibai ke cin karo da ita a darasin ƙididdiga na shekarar farko, ko a Jami'ar Legas da ke Akoka, ko a Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo, ko a kwalejin fasaha ta Yaba. Maimakon lamba ɗaya, sai ka ba da iyaka biyu, ta ƙasa da ta sama, ka kuma faɗi ƙarfin amincewarka da hanyar da ka bi. Duk lambobin albasa da ke cikin wannan jagora na misali ne, amma lissafinsu daidai yake, ka iya binsa da kalkuleta.

Ƙa'idojin yiwuwa da ba a tsallake su

Yiwuwa lamba ce tsakanin 0 da 1. Sifili na nufin abin ba zai faru ba, ɗaya na nufin babu makawa. Ƙwayar lido tana da fuska shida, kowace tana da dama daidai da 'yar'uwarta, don haka yiwuwar fitowar shida ita ce 1/6, wato 0.167.

Ka'ida ta farko ita ce ta kishiya: yiwuwar abu bai faru ba ita ce 1 a cire yiwuwar faruwarsa. Duk inda ka ga "aƙalla sau ɗaya" a tambaya, wannan ka'idar za ka ɗauko. Mece ce yiwuwar samun shida aƙalla sau ɗaya a jifa uku? Da yawa sukan tara 1/6 sau uku su ce rabi. Kuskure ne, kuma ga yadda za ka gane: da haka ne, da jifa shida ya ba da 1, wato dole shida ta fito, alhali duk wanda ya taɓa zaman lido ya san ana yin jifa goma ba a fita gida ba. Hanyar daidai ita ce a lissafa rashin samunta a duka ukun, 5/6 × 5/6 × 5/6 = 125/216, sannan a cire daga ɗaya. Amsar 91/216 ce, wato 0.421.

Wancan ninkawar da muka yi ita ce ka'ida ta biyu, kuma tana aiki ne kawai idan abu na farko bai shafi na biyu ba. Ƙwayar lido ba ta tuna jifar baya. Amma ɗauki kiret mai ƙwai 10, uku a ciki baragurbi ne. Ka ɗauki ɗaya ba ka mayar ba, ka sake ɗauka. Yiwuwar duka biyun masu kyau ne ita ce 7/10 × 6/9 = 0.467, ba 7/10 × 7/10 = 0.49 ba, domin ɗaukar farko ta canza abin da ya rage a kiret. Riƙe wannan, zai dawo mana a gaba.

Ka'ida ta uku ta "ko" ce. Yiwuwar A ko B ita ce ta A a tara da ta B, a cire ta inda suka haɗu. Idan kashi 30 na buhuna sun jiƙe, kashi 20 sun yage, kashi 10 kuma sun jiƙe sun yage, to masu aibi kashi 40 ne, ba 50 ba, don an ƙirga na tsakiyar sau biyu.

Ta huɗu ita ce yiwuwa bisa sharaɗi, kuma ita ta fi kayar da ɗalibai. A ce kashi 60 na kayan wani dillali daga manomi na farko suke zuwa, kashi 10 nasu na ruɓewa. Kashi 40 daga manomi na biyu, kashi 30 nasu na ruɓewa. Kada ka fara da dabara, fara da albasa 1,000 a zuci. 600 na manomin farko, 60 ruɓaɓɓu. 400 na na biyu, 120 ruɓaɓɓu. Jimilla 180. Idan ka ɗaga ruɓaɓɓiya a hannu, yiwuwar ta manomi na biyu ce 120/180, wato biyu bisa uku. Lura cewa "ruɓewa idan daga na biyu take" 0.30 ce, amma "daga na biyu take idan ta ruɓe" 0.667 ce. Kalmomin kusan iri ɗaya ne, lambar ƙasa ce ta bambanta, kuma ita ce komai.

Mataki na farko: faɗi abin da kake ƙirgawa

Kaso yana buƙatar amsa biyu kawai, e ko a'a. Albasa ruɓaɓɓiya ce ko ba ita ba ce. To wadda ta fara laushi a wuya fa? Wadda ta tsiro fa? Yanke wannan hukunci kafin ka buɗe buhun farko, ka rubuta shi. Idan ka bari sai kana tsakiyar dubawa, son zuciya zai shigo: mai saye zai riƙa jefa mai laushi cikin ruɓaɓɓu, mai sayarwa zai riƙa mayar da ita cikin masu kyau. Haka nan ka fayyace taron da kake magana a kai. Wannan motar ce kaɗai, ba albasar Aliero duka ba, ba ta kasuwar duka ba.

A littafi ana kiran ainihin kason taron da p. Ba mu san shi ba, kuma ba ya motsi. Abin da samfuri ya ba mu ana rubuta shi p̂, a ce masa p mai hula. Shi ne ke canzawa daga samfuri zuwa samfuri.

Mataki na biyu: ɗaukar samfuri

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci, domin a aji ana ba ɗalibi lambobi a shirye. Dabarar da za mu yi amfani da ita tana ɗauka cewa kowace albasa a motar tana da dama iri ɗaya ta shiga hannunka. Kowa a kasuwa ya san bakin buhu ba ya faɗin gaskiyar gindinsa, kuma buhunan da ke ƙasan mota sun fi na sama shan nauyi da zafi. Wanda ya duba buhunan bakin ƙofa kaɗai, bakin ƙofa ya auna.

Ga hanyar da za ta yiwu ana cikin sauke kaya. Kana son buhu 40 daga 320, wato ɗaya a kowane takwas. Rubuta 1 zuwa 8 a guntayen takardu, ka sa wani ya zaɓi ɗaya ba tare da ya duba ba. A ce 5 ta fito. Sai a ware buhu na 5 da aka sauke, da na 13, da na 21, haka har ƙarshe. Daga kowane buhu a ɗauki albasa biyar, amma a zazzage shi tukuna ko a zura hannu sama da tsakiya da ƙasa. 40 sau 5 sun ba da 200.

Me ya sa ba za a buɗe buhu huɗu a ɗauki 50 daga kowane ba, tunda shi ma 200 ne? Saboda albasar buhu ɗaya 'yan gida ɗaya ne. Gona ɗaya, rana ɗaya aka cire su, wuri ɗaya suka zauna a mota, kuma ruɓa tana yaɗuwa daga ɗaya zuwa maƙwabciyarta. Ta 50 a buhu ba ta ƙara maka labari mai yawa a kan abin da 49 suka riga suka faɗa. Masana suna auna wannan da lamba: 1 + (m − 1) × r, inda m shi ne adadin da aka ɗauka a kowane buhu, r kuma girman kamannin 'yan buhu ɗaya. A ce r ɗin 0.1 ne. Da biyar-biyar, lambar 1.4 ce, sai 200 ɗinka su yi daidai da 143 masu zaman kansu. Da hamsin-hamsin, lambar 5.9 ce, 200 ɗinka sun koma 34 kacal. Haka yake ga ɗalibin da ke binciken kammala karatu: wanda ya raba takardun tambaya 200 a masallaci ɗaya a Agege bayan sallar Juma'a bai tambayi Hausawan Legas ba. Bai ji daga mata ba, bai ji daga Idi-Araba ko Obalende ba, bai ji daga wanda ke bakin aiki a Apapa ba.

A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun tambaya kusan miliyan 10 game da zaɓen shugaban ƙasa, aka mayar mata da fiye da miliyan 2. Ta ce Alf Landon ne zai ci. Franklin Roosevelt ya lashe jihohi 46 daga cikin 48. Da za a sa wancan adadi cikin dabarar da ke ƙasa, sararin kuskuren, wato nisan kowace iyaka daga kason da aka samu, ba zai kai ko kashi ɗaya bisa goma na kashi ɗaya ba. Matsalar ita ce sunayen sun fito ne daga littattafan tarho da rajistar masu mota da makamantansu, kuma waɗanda suka ga dama ne kawai suka amsa. Tazarar amincewa tana auna rawar sa'a ce kawai a zaɓe na ƙuri'a, wato ɗaukar samfuri ta yadda kowa ke da dama iri ɗaya ta shiga. Ba ta ganin karkata, ba ta gyara ta, kuma yawan samfuri ba ya wanke ta.

Mataki na uku: duba sharuɗɗa

Bayan zaɓe na ƙuri'a, sharuɗɗa biyu suka rage. Na farko, a sami aƙalla 10 a kowane ɓangare: ruɓaɓɓu 36, masu kyau 164, duka sun wuce 10. Wasu littattafan suna cewa 5, wasu 15. Bi na malaminka a jarrabawa, amma a aiki na gaske 10 ne mafi ƙanƙanta da ya kamata ka yarda da shi. Na biyu, kada samfurin ya wuce kashi 10 na taron. Dalilin shi ne na kiret ɗin ƙwai: idan taron babba ne, cire ɗaya ba ya canza sauran yadda za a ji, sai mu yi kamar kowace ɗauka mai zaman kanta ce. Albasa 200 a cikin tirela ba ta kai ko kusa ba.

Mataki na huɗu: lissafin kansa

Raba: p̂ = 36 ÷ 200 = 0.18. Kishiyarsa 1 − 0.18 = 0.82.

Nemo ma'aunin kuskure, wato gwargwadon yadda p̂ ke yawo daga samfuri zuwa samfuri. Ninka 0.18 × 0.82 = 0.1476. Raba da 200, ka sami 0.000738. Danna alamar √ a kalkuleta, ka sami 0.02717. A rubuce: √(p̂ × (1 − p̂) ÷ n), inda n shi ne adadin da aka duba.

Ninka da lambar z. Ga amincewa ta kashi 95, z = 1.96. Sai 1.96 × 0.02717 = 0.0532. Wannan shi ne sararin kuskure.

Cire, ka kuma tara: 0.18 − 0.0532 = 0.1268, sannan 0.18 + 0.0532 = 0.2332. Tazarar ita ce daga kashi 12.7 zuwa kashi 23.3.

Daga ina 1.96 ta fito? Da za ka maimaita ɗaukar albasa 200 sau dubbai, ka zana sakamakon, za ka ga tudu mai siffar ƙararrawa, tsakiyarsa a kan ainihin p. A irin wannan tudu, kashi 95 na sakamako suna faɗawa cikin nisan ma'aunin kuskure 1.96 daga tsakiya, hagu da dama. Idan p̂ yana kusa da p haka a kashi 95 na lokuta, to miƙa hannu daidai wannan nisa daga p̂ zai kamo p a kashi 95 na lokuta. Sharaɗin 10 da 10 ɗin nan don tudun ya yi siffar ƙararrawa ne. Idan ruɓaɓɓu biyu ko uku ne kawai, tudun karkatacce ne.

Lambobi uku za ka haddace: 1.645 ga kashi 90, 1.96 ga kashi 95, 2.576 ga kashi 99. Da misalinmu, kashi 90 zai ba da 13.5 zuwa 22.5, kashi 99 kuma 11.0 zuwa 25.0. Ƙarin amincewa ana sayensa da faɗi. A Excel, =NORM.S.INV(0.975) zai ba ka 1.96. Ana sa 0.975 ne ba 0.95 ba, domin kashi 5 da ya rage an raba shi biyu, 2.5 a kowane gefe. Wanda ya sa 0.95 zai sami 1.645, ya yi tazarar kashi 90 yana kiranta ta 95.

Kurakuran da ake yi a nan sanannu ne. Wani ya sa 18 maimakon 0.18, sai 1 − 18 ya ba shi −17, kalkuleta ta ƙi aiki. Wani ya danna √ kafin ya raba da n, ko ya manta baka a kalkuleta, sai tushen ya hau kan 0.1476 kaɗai. Wani ya taƙaita 0.000738 zuwa 0.001 tun a tsakiya, sararin kuskurensa ya tashi daga 5.3 zuwa 6.2. Bar lambobin a kalkuleta har ƙarshe, sannan ka taƙaita. Wani kuma ya ɗauko teburin t. T ta matsakaicin awo ce kamar nauyi ko tsawo, kaso da z ake yinsa. Akwai gwaji mai sauri: sararin kuskure na kashi 95 ba ya taɓa wuce 1 ÷ √n. Ga 200, wannan 0.071 ne. Idan amsarka ta fi haka, koma ka duba.

Tunda biyar-biyar muka ɗauka daga buhu 40, mai aikin gaske zai ninka sararin da tushen 1.4, wato 1.183, ya sami 0.063, tazarar ta zama 11.7 zuwa 24.3. Da buhu huɗu ne, da ta zama 5.1 zuwa 30.9, wadda ba ta da amfanin komai a ciniki.

Mataki na biyar: fassara

Jerzy Neyman, masanin lissafi ɗan ƙasar Poland, shi ya shimfiɗa wannan tsari a 1937, kuma ma'anar da ya ba shi ita ce har yau ake nema a jarrabawa. Kashi 95 ɗin sifar hanyar ce. Idan mutum 100 suka ɗauki samfuri kowa nasa daga wannan mota, kowa ya yi tazararsa, kusan 95 za su kamo ainihin kason, kusan biyar su kuskure. Taka ɗaya ce daga cikinsu, kuma ba ka da hanyar sanin a wane ɓangare take. Don haka ake rubuta: "Muna da amincewa ta kashi 95 cewa kason ruɓaɓɓiyar albasa a wannan mota yana tsakanin kashi 12.7 da 23.3."

Abubuwa biyu ba ta nufi ba. Ba ta ce kashi 95 na buhunan suna da ruɓa tsakanin 12.7 da 23.3 ba; wani buhun zai iya zama rabi ruɓaɓɓe, wani tas. Ba ta kuma ce samfuri na gaba zai faɗo cikin wannan iyaka a kashi 95 na lokuta ba.

Hanyar da ta fi zaunar da wannan a kai ita ce a gwada da hannu. A zuba farin wake ƙwaya 700 da jan wake 300 a ƙwarya, a gauraya. Ka san p = 0.30. Rufe ido ka ɗebi 50, ƙirga jajaye, yi tazara, mayar da waken, gauraya, sake. Yi sau 20 tare da abokan karatu. Mafi yawa za su kamo 0.30, ɗaya ko biyu su zame. Ka'idar ninkawa ma ta faɗi haka: yiwuwar duka 20 su kamo ita ce 0.95 a ninka da kanta sau 20, wato 0.358, don haka yiwuwar aƙalla ɗaya ta kuskure kusan kashi 64 ce.

Ga mai saye, amfanin yana wurin kuɗi. Idan motar ta naira miliyan 10 ce a lissafin kaya masu kyau, asarar tana tsakanin kusan miliyan 1.3 da miliyan 2.3, in dai ruɓaɓɓun ba su bambanta da sauran a girma ba. Idan mai kaya ya ce ruɓar ba ta wuce kashi 10 ba, 10 tana wajen tazarar, akwai hujjar musa masa. Idan ya ce kashi 15, tana ciki, samfurin bai ƙaryata shi ba. Wannan ba ya nufin an tabbatar da 15, don 22 ma tana ciki.

Idan samfuri ƙarami ne

A ce mai sayar da wayoyi a Ikeja ya gwada caja 20 daga kwali, biyu suka ƙi aiki. p̂ = 0.10, ma'aunin kuskure 0.0671, sarari 0.1315. Tazarar ta fito daga −0.031 zuwa 0.231. Kaso ba ya sauka ƙasa da sifili. Wannan alama ce cewa dabarar ta karye, kuma mayar da iyakar ƙasa zuwa sifili ba ya gyara ta, don ta sama ma ta yi ƙasa da yadda ya kamata.

Gyara mafi sauƙi shi ne wanda Alan Agresti da Brent Coull suka bayar a 1998: ƙara biyu a kowane ɓangare. Marasa aiki sun zama 4, jimilla 24. Sabon kaso 0.1667, ma'aunin kuskure √(0.1667 × 0.8333 ÷ 24) = 0.0761, sarari 0.149. Tazara: kashi 1.8 zuwa 31.6. Ƙarin huɗun nan na amincewa ta kashi 95 ne, domin 1.96 sau 1.96 ya kusa 4.

Wanda ya fi shi kyau shi ne na Edwin Wilson, na 1927. Tsakiyarsa ita ce (p̂ + z²/2n) ÷ (1 + z²/n). Da z² = 3.8416 da n = 20, sai (0.10 + 0.0960) ÷ 1.1921 = 0.1645. Sararin kuma z × √(p̂(1 − p̂)/n + z²/4n²) ÷ (1 + z²/n), wato 1.96 × √(0.0045 + 0.0024) ÷ 1.1921 = 0.1366. Tazara: kashi 2.8 zuwa 30.1. Ba ta taɓa fita daga tsakanin 0 da 1. A ra'ayinmu, duk mai rubuta rahoton bincike ya kamata ya yi amfani da ta Wilson ko da samfurinsa babba ne, ya bar ta farkon don jarrabawa da lissafin tsaye.

Idan kuma ba a sami ko ɗaya ba fa? An gwada 60, duka lafiya. Dabarar farko za ta ba da sifili zuwa sifili, kamar an tabbatar babu mara kyau a kwalin. Yi amfani da ka'idar uku: iyakar sama ita ce 3 ÷ n, a nan 3 ÷ 60 = kashi 5. Tushenta ka'idar ninkawa ce. Idan da gaske kashi 5 ne marasa kyau, yiwuwar 60 su fito lafiya a jere ita ce 0.95 a ninka da kanta sau 60, kusan 0.046. Ka'idar tana aiki da kyau idan n ya wuce 30.

Mutum nawa zan tambaya?

Juya dabarar: n = z² × p × (1 − p) ÷ E², inda E shi ne sararin kuskuren da za ka iya jurewa. Idan ba ka da masaniya a kan p, sa 0.5, domin a nan ne p × (1 − p) ya fi girma, 0.25, ba za ka gaza ba. A amincewa ta kashi 95, sararin kashi 10 na buƙatar 97, kashi 5 na buƙatar 385, kashi 3 na buƙatar 1,068, kashi 1 na buƙatar 9,604. Kullum sama ake taƙaitawa, 384.16 ya zama 385. Don rage sarari da rabi, sai an ninka samfuri sau huɗu. Idan kana da ƙiyasi daga baya, kamar 0.18 ɗinmu, kuma kana son sararin kashi 3, to 3.8416 × 0.1476 ÷ 0.0009 ya ba da 631.

Lura cewa girman taron bai shigo dabarar ba. Mutum 385 da aka zaɓa da ƙuri'a suna ba da sarari iri ɗaya ko daga unguwa mai mutum dubu hamsin, ko daga jihar Legas duka. Mutane sukan ƙi yarda da wannan, amma mai miya cokali ɗaya take ɗanɗanawa ko tukunyar gida ce ko ta biki, muddin ta juya ta sosai.

Girman taro yana shigowa ne idan ƙarami ne. A ce ƙungiyar 'yan kasuwa mai mambobi 800 tana so ta san masu goyon bayan ƙarin kuɗin wata. An zaɓi 200 da ƙuri'a daga rajista, 120 suka ce e. p̂ = 0.60, sarari 0.0679. Amma 200 rubu'in 800 ne, sharaɗin kashi 10 ya karye, sai a ninka sararin da √((N − n) ÷ (N − 1)) = √(600 ÷ 799) = 0.867, inda N shi ne girman taron. Sararin ya ragu zuwa 0.0588, tazarar kashi 54.1 zuwa 65.9. Duka tana sama da 50, akwai hujjar cewa rinjaye na goyon baya. Haka wajen tsara samfuri, 385 ÷ (1 + 384 ÷ 800) ya ba da 261. Sai dai a ƙara don waɗanda ba za a samu ba: idan ana sa ran kashi 80 ne za su amsa, a zaɓi 261 ÷ 0.8 = 327. Kuma a bi waɗanda ba su ɗaga waya ba sau biyu ko uku, domin wanda ya yi tafiya gida Arewa ko ya daina zuwa taro wataƙila shi ne mai ra'ayi dabam.

Kwatanta mota biyu

Mota ta biyu ta iso, an duba 200, an sami 50 ruɓaɓɓu, kashi 25. Ta fi ta farko lalacewa ke nan? Bambancin 0.07 ne. Ba a tara ma'aunan kuskure biyu kai tsaye. Abin da ke ƙarƙashin tushen ake tarawa. Na farko 0.000738, na biyu 0.25 × 0.75 ÷ 200 = 0.0009375. Jimilla 0.0016755, tushenta 0.0409, sau 1.96 ya ba da 0.0802. Tazarar bambancin daga −0.010 zuwa 0.150. Sifili yana ciki, da ƙyar. Abin da za a ce shi ne mota ta biyu na iya fin ta farko ruɓa da har maki 15, kuma yana yiwuwa kusan ɗaya suke; samfurin 200 da 200 bai isa ya raba gardamar ba. Kada ka yanke hukunci da kallon ko tazarorin motocin biyu sun shiga juna, domin suna iya shiga juna kaɗan alhali tazarar bambancin ba ta taɓa sifili ba.

A rahoto ko a takardar amsa, abubuwa shida ake so a gani tare: adadin da aka samu da adadin da aka duba, 36 cikin 200, kason, 18, iyakoki biyu, 12.7 da 23.3, ƙarfin amincewa, 95, dabarar da aka bi, da yadda aka zaɓi samfurin, buhu ɗaya a kowane takwas, albasa biyar daga kowane. Lamba ɗaya bayan ɗigo ta isa ga kaso. Rubuta 12.6754 a kan samfurin da sararinsa ya haura maki biyar yana nuna daidaiton da babu shi.